Bargon da Aka Rataye a Birmingham

Tregaron, 14 ga Agusta

Ƙanwata Nesta,

Ina gaishe ki, ina gaida sanyin Inverness da kika zaɓa kika bar mu. Yaya idon? Sun sa miki ranar aikin kuwa, ko har yanzu "za mu neme ki" ake ta yi? Ni dai gwiwa tana nan yadda kika san ta, kunne kuma ya ƙara nauyi, don haka kada ki wahalar da kanki da buga waya. Ɗana Gethin ya samu ya kwashe ciyawa kafin ruwa ya sauko, yana gaida innarsa.

Matan ƙungiyar ɗinkinmu ta coci sun matsa mini, na bi su a bas zuwa Birmingham, wurin babban taron masu ɗinkin bargon ƙyallaye. Zauren nan zai haɗiye garinmu har da maƙabarta. Barguna a rataye layi-layi kamar shanya, amma ba irin namu ba. 'Yan mata masu shuɗin gashi sai kaiwa da komowa suke, suna ɗaukar hoto. Akwai wani fari fat da ɗigon rawaya guda a gefe, wai shi ya zo na ɗaya. Beti Howells ta tsaya gabansa ta ce, "Wannan ai ƙwai aka fasa a zanin gado." Wata kuma ta ja ni wurin keken ɗinki mai tsawon gadon aure, yana ta aiki shi kaɗai, wai in gwada. Na ce mata ina da hannu.

Ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba. Can ƙarshen zaure, wajen da ake sayar da shayi, na ga wani bargo. Yawancinsa fari ne, an warwatsa masa tsofaffin ƙyallaye a karkace, irin yayin da suke yi yanzu. Nesta, jan ulunmu ne. Wanda masaƙar ƙauyenmu ta ɓata wa layi, baƙi biyu sannan na ukun ya tsinke, Baba ya kwashe bandir ɗin gaba ɗaya saboda ba mai so. Kusa da shi ga ƙyallen rigar Baba mai ratsi. Ga kuma shuɗin yadin nan mai 'yan tsuntsaye, rigata ta makarantar Lahadi. Na san rigata.

Ba a taɓawa, sai dai wata mai farar safar hannu ta ɗaga miki gefe. Na ce mata, "'Yata, ina mai wannan?"

Ta ce, "Jiya ta karɓi lambar yabonta ta koma gida. Kyakkyawa ne, ko?"

Na matsa kusa. A katin da ke gefe an rubuta K. Marlow, Grimsby. Ba mu da kowa a Grimsby.

Wuri ɗaya na san yadukan nan uku sun taɓa haɗuwa, wato bargon Mama, wanda aka ba ki ranar rabon kaya. Bara da za ki koma ƙaramin gida kin ce kin rage tarkace da yawa. Ban ce komai ba, tambaya kawai nake. Yana wurinki?

Yayarki,
Olwen

Inverness, 29 ga Satumba

Yaya Olwen,

Gaisuwa da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Wasiƙarki ta daɗe a kan tebur. An yi mini aikin ido, sai da aka cire bandeji na iya karantawa. Maƙwabciyata ta ce ta karanta mini na ƙi, kuma gara da na ƙi.

Ashe tarkace nake ɗaukar aikin hannun uwarmu. Na gode.

Bargon Mama yana inda ya dace da shi, kuma ba sai na nemi izinin kowa a kan abin da aka ba ni ba. Ke da aka bar wa gida da gona da akwatin ragowar ƙyallayen Mama, ban taɓa rubuto miki in ce ki lissafa mini abin da ke ciki ba. Kin buɗe shi kwanan nan? Beti da kike yabo tana kai tsofaffin kaya kasuwar Lampeter duk Asabar, kuma tana shiga ɗakinki kamar nata. Kafin ki leƙo arewa ki fara duba ƙarƙashin gadonki.

Likita ya ce kada in daɗe ina rubutu. Ki gaida Gethin.

Nesta

Tregaron, 3 ga Oktoba

Nesta,

Allah ya ƙara wa ido haske. Da kin sa an aiko mini da layi ɗaya, da ban yi mako shida ina leƙen akwatin wasiƙa kamar budurwa ba.

"Inda ya dace da shi." Na karanta layin nan har na haddace. Wato jikin bangon Birmingham, an yanka shi gunduwa-gunduwa, baƙi suna cin biskit a gabansa. In kin sayar ki ce kin sayar. In kyauta kika yi ki ce. Wannan zagaye-zagayen naki tun kina yarinya ba na son sa.

Na buɗe akwatin. Babu ko zare ɗaya na jan ulun, dama Mama ta cinye shi duka a ɗinki. Amma maganarki ta shige ni, har na kira Beti shan shayi, na yanka mata burodin zabibi, na ce, "Beti, a cikin kayan da kike kaiwa Lampeter, ba a taɓa samun kuskure wani abu nawa ya bi ba?"

Ta ajiye kofi a hankali ta ce, "Olwen, ni na wanke gawar mijinki." Ta ɗauki kwat ɗinta ta fita. Tun muna amare muke zama benci ɗaya a coci. Lahadin nan can baya ta zauna. Wannan ke kika jawo mini.

Ga hoton bargon, Beti ce ta ɗauka da wayarta tun kafin wannan abu, Gethin ya wanko mini. Ki duba da sabon idonki ki ce ba rigata ba ce. Za ki ga an yi wani ɗinki da farin zare a kan farin yadi, kamar haruffa. Na sa tabarau na duba, shirme ne, ba Turanci ba, ba komai ba.

Na rubuta wa masu shirya taron na roƙi su miƙa wasiƙata ga wannan Marlow. In ba za ki faɗa mini ba, ita za ta faɗa.

Olwen

Inverness, 9 ga Oktoba

Yaya,

Ina lafiya, idon yana gani har ƙurar da ban san ina da ita ba.

Inda ya dace da shi, wato kan gadona. Yanzu haka yana kan ƙafafuna nake wannan rubutu. Ga hotonsa, na ɗora masa jaridar yau a kai kamar yadda masu garkuwa da mutane ke yi, don kada ki ce tsohon hoto ne. Ki ƙirga tsuntsayen rigarki, duk suna nan. Ki je ki ba Beti haƙuri. Ni ma ina da laifi a nan, zan aika mata kati.

Yanzu ki zauna kafin ki ci gaba.

Na ga hoton, kuma gaskiyarki, ulunmu ne. Haruffan nan kuwa ba shirme ba ne. Yarenmu ne na Wales, amma wanda ya rubuta bai iya shi ba, yadda kunnen mutumin Ingila ya ji haka ya sa. Kada ki karanta da ido, ki karanta da baki. Ni ma sai da na yi haka a kicin na gane. Layin sama ya ce, "Ruwa ya cinye gada." Na tsakiya, "Kada ki faɗa wa Baba." Na ƙasa kuma, wanda ya bi gefen jan ulun, ya ce, "Sauko, Nesta, zan tare ki."

Mutum ɗaya ne ya taɓa faɗa mini haka, ranar da na hau rufin rumbun ciyawa na kasa saukowa. Ɗan'uwanmu Idwal.

Akwai abin da ba ki sani ba, don lokacin kina aiki a otal a Aberystwyth. A hunturun nan barguna biyu Mama ta ɗinka, babba da wani siriri na gadon mutum ɗaya. Siririn ya ɓace a makon da Idwal ya yi faɗa da Baba ya bar gida. Na tambayi Mama, ta ce ɓeraye ne suka ci. Ina ƙarama, na yarda.

To ni ma ga tawa tambayar, tunda kakar tambaya ce. Ke kika zo makaranta kika fito da ni daga aji, kika ce jirgin kamun kifin da Idwal yake ciki ya nitse. Wa ya faɗa miki? Kin ga takarda? Bayan kin dawo gida, ke ce mai karɓar wasiƙu a hannun masinja a shekarun nan. Kuma da babu Idwal, kowa ya san hannun da gona ta faɗa.

Ban ce komai ba. Tambaya kawai nake.

Nesta

Tregaron, 20 ga Oktoba

Nesta,

Na sha romon rago na kwanta kwana biyu bayan wasiƙarki, Gethin ya zaci mura ce. Na tashi yanzu.

Baba ne ya faɗa mini, a garke, yana ɗura wa tunkiya magani, ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Yaron nan ya tafi da jirgi. Je ki ɗauko ƙanwarki." Ban ga takarda ba. A gidanmu wa ke tambayar Baba takarda? Abin da ya hana ni sukuni yanzu shi ne Mama ba ta yi kuka ba ranar. Shekara hamsin ina ɗaukar ta mai taurin zuciya a kan haka. Ban ɓoye wasiƙar kowa ba, Nesta. Ki yarda ko kada ki yarda.

Marlow ta amsa. Sunanta Kezia, tana tuƙa bas a Grimsby. Ta ce bargon na kakanta ne, wani da ake kira Ed Price, tsohon mai kamun kifi, yanzu yana gidan kula da tsofaffi, hankalinsa ya gushe. Wai Turanci ya zube masa, ya koma wani yare da babu mai ji a danginsu, shi ne take rubuta abin da yake yawan maimaitawa ta ɗinka. Tana roƙon ko zan zo in faɗa mata abin da yake cewa.

Labari ya yi daɗi, har ya yi daɗi da yawa. Ki yi tunani. Idwal Prys ya zama Ed Price, to, ana yi. Amma yaran yanzu da waya a hannu babu sunan da ba za su tono ba. Wa ya san ko a kasuwar gwanjo ta tsinci tsumman, ta bi diddigi ta gano akwai gona a bayansa? Me ya sa ta rataye shi a inda duk tsofaffin matan Wales ke zuwa? Tarko ba ya kama da tarko. In aka ce Idwal yana raye, yana da rabo a ƙasar nan, kuma mutumin da ba ya cikin hankalinsa wani ne ke sa masa hannu. Gethin ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan tudun nan, bayansa ya lalace a kai. Ba zan bari wata mai bas ta zo ta raba masa shi da allura ba.

Ba zan amsa mata ba sai na ga lauya. Ke ma kada ki rubuta mata, kada kuma ki je. Ki ji maganata sau ɗaya a rayuwarki.

Olwen

Grimsby, 16 ga Nuwamba

Yaya Olwen,

Na san kin sake aiko wasiƙa Inverness ba ki ji amsa ba, maƙwabciya ta faɗa mini. Ki duba kan takardar nan za ki ga dalili. Lafiyata ƙalau, sai dai jirgin ƙasa ya karya mini ƙugu, kuma garin nan iska ce kawai da warin teku.

Ban je a matsayin 'yar'uwa ba. Na nemi Kezia ta hannun masu shirya taron, na ce wa yarinyar ni wata ce daga ƙungiyar ɗinki mai jin yaren, sunana Misis Grant, wanda kuwa gaskiya ne. Ta zo tasha da kayan aikinta a jiki, gefen kanta a aske, ta karɓi jakata. A mota na ce, "Me ya sa kika yanka tsohon bargo? Ba ki ji tausayinsa ba?"

Ta ce, "Ai shi ya fara yanka kansa. Rabinsa ya ruɓe, masu wanki a gidan tsofaffin suka ce za su jefar. Na ceci abin da ya cetu. Na bar wa kakana wani yanki, don in babu shi ba ya cin abinci."

Na ce, "Bai taɓa faɗin inda ya fito ba?"

Ta ce, "Kakata ta tambaya har ta mutu. Sai ya ce daga teku."

Da muka isa gidan tsofaffin mun sami kakan nata zaune bakin taga. Ya tsufa ƙwarai, ya shanye, babu haƙori. Na tsaya ina neman Idwal a fuskar ban same shi ba, har na ce a raina Yaya ta yi gaskiya. A cinyarsa ga yankin bargon, bai fi faɗin matashin kai ba, yana murza gefen da babban yatsa. Na sunkuya na duba ɗinkin. Na Mama ne, irin ganyen nan da take juyawa hagu.

Na gaishe shi da yarenmu, na ce, "Sannu da hutawa. An yi ruwa yau."

Yatsan ya tsaya. Bai dube ni ba, ya ce, "In an yi ruwa a hayin kogin Teifi, gada ba ta ƙetaruwa. Sai a zagaya ta wajen gidan Howells."

Yaya, wannan ba a waya ake tono shi ba.

Ya yi ta magana har shayinsa ya huce, kamar an buɗe famfo. Sunayen karnukanmu, sunayen gonaki. Kezia tana tsaye jikin ƙofa tana cewa, "Me ya ce? Don Allah me ya ce?" Ina fassara mata tana share fuska da hannun riga. Bai gane ni ba. Na faɗa masa sunana ya ce a'a, Nesta ƙarama ce, tana makaranta.

Da muka fito na gaya mata ko ni wace ce. Ta zauna a kan matakala. Sannan ta ce, "Wato yana da mutane."

Ba ta san akwai gona ba. Ni na faɗa mata. Na san za ki ce na yi wauta, amma ba zan fara zumunci da ɓoye-ɓoye ba, an yi mana isasshe a gidan nan. Abin da ta tambaya kawai shi ne ko har yanzu rumbun ciyawar da na ba ta labarinsa yana nan.

Ma'aikaciyar jinya ta ce ƙirjinsa ba shi da kyau, kuma hunturu ya shigo. Ni ma aikin da na yi ke nan har na yi ritaya, na san abin da take nufi. Gobe zan koma arewa. Abin da za ki yi ya rage naki.

Maganar wasiƙu da na yi miki, na janye.

Ƙanwarki,
Nesta

Grimsby, 5 ga Disamba

Ƙanwata Nesta,

Ina fatan kin huta gajiyar hanya, kina kuma ɗiga maganin ido a kan lokaci. Gwiwata ta kumbura, matakalar masaukin nan ba don mutane aka yi ta ba. Beti ce ta rako ni. Ba ta ce ta yafe ba, ta dai zo da jakarta ta zauna kusa da ni a jirgi, ta ba ni rabin burodinta.

Kin yi wauta da kika faɗi maganar gona. Na faɗa, na gama. Yarinyar tana da ladabi, amma na ga masu ladabi da yawa, ina nan ina kallon ta. Ta nuna mini bargon a gidanta, na taɓa shi da hannuna ba safa. Ɗinkinta na keke ne, kusurwoyin ba su haɗu ba, na faɗa mata. Ta ce in koya mata. Na ce sai ta zo Tregaron, don ba na koyarwa a tsaye. Gethin bai ji daɗi ba da na ce ya gyara ɗakin baya. Lauyan kuma yana nan, ban soke ganinsa ba.

Na je wurin Idwal sau uku. Ban yi masa gwaji ba, ba a buƙata. Yana ɗaga kofi ɗan yatsansa a miƙe kamar Baba, har abin ya ba ni haushi.

Bai san ni ba. Ya ɗauka ni sabuwar ma'aikaciya ce, yana ta yi mini ladabi. Na yanke masa farce, na taje masa gashi, don waɗannan yaran da ke aiki a gidan ba su san ta wane gefe yake tsaga ba. Na so in tambaye shi me ya sa bai taɓa rubutowa ba, ko ya rubuto, wa ya karɓa. Na so in tambaye shi ko Mama ta sani. Babu wanda zan tambaya a cikin wannan jikin, Nesta. Wanda ke ciki yaro ne ɗan shekara goma sha tara, kuma bai riga ya yi laifin ba.

Jiya da zan tafi ya riƙe mini hannun riga ya ce, "Baiwar Allah, kin iya magana kamar mutanenmu. 'Yar ina ce?"

Na ce, "Tregaron."

Ya ce, "To ai kin san gidanmu, na kan tudu. In kin koma ki biya ki gaida mini Yaya Olwen. Tana da faɗa, amma kada ki ji tsoro, bakin ne kawai." Ya kalli taga, sannan ya ce, "Ki ce mata kada ta jira ni da abinci. Zan ɗan yi dare."

Na ce masa zan faɗa mata.

Ki zo kafin Kirsimeti. Ki taho da rigunan sanyi masu kauri, ɗakinsa yana kallon teku.

Yayarki,
Olwen